Wasiƙa Zuwa Ga Malam Sani

Assalamu alaikum, Malam Sani.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da uwargida da yara. Ka yi mini tsiya cewa na zo Amurka ina zuba kuɗi a tsofaffin takardu. To, sa hannun shugabanni ne ya fara jan hankalina, amma yanzu wasiƙun neman muƙami nake farauta.

Tun da Andrew Jackson ya hau mulki a 1829 rabon muƙamai ya zama al'ada. Jam'iyyar da ta ci zaɓe sai ta sallami waɗanda ta tarar ta zuba nata, har mai riƙe da gidan waya na ƙauye. Wasiƙu kuwa suka yi ta kwarara fadar shugaban ƙasa, kowa na tunasar da wahalar da ya sha lokacin kamfe. Shugaba Abraham Lincoln yakan juya irin wannan wasiƙa ya rubuta wa minista layi biyu a bayanta, ya sa hannu. Ana tsakiyar yaƙin basasa fa!

Abin har ya ci rai. Wani mai neman muƙami, Charles Guiteau, ya nace sai an naɗa shi ƙaramin jakada a Paris. Da bai samu ba, ya harbi Shugaba James Garfield a tashar jirgin ƙasa ta Washington ranar 2 ga Yuli, 1881, Garfield kuma ya rasu a watan Satumba. Wanda ya gaje shi, Chester Arthur, shi kansa ta hanyar rabon muƙamai ya taɓa zama shugaban kwastan na New York, amma shi ya sa hannu a dokar Pendleton ta 1883, wadda ta kawo jarrabawar shiga aikin gwamnati.

Tsada tana bin ƙaranci. William Henry Harrison wata ɗaya ya yi kan mulki a 1841, don haka takardunsa na wannan watan sai masu hannu da shuni. Akwai kuma tarko: daga 1833 sakatarori ke sa sunan shugaba a takardun mallakar fili, kuma baƙin shiga harkar kan saya da murna, suna zaton sa hannun shugaban ne da kansa.

Ƙarfina bai kai Lincoln ba tukuna. Abin da nake da shi wasiƙar wani ɗan majalisa ce yana roƙar wa surukinsa aikin gidan waya. Zan turo maka hotonta ta WhatsApp.

Ka gaishe mini da Baba da mutanen unguwa.

Naka amini,
Habibu