Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban Hukumar Ilimin Bai-Ɗaya Ta Jihar Jigawa

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, roƙona guda ne: a shigar da Kogin Haɗeja cikin abin da ake koya wa 'yan firamaren jiharmu.

Ɗan aji biyar zai gaya maka cewa Neja da Binuwai sun haɗu a Lokoja, domin yana fitowa a jarrabawa. Tambaye shi daga ina ruwan da ke bayan garinsu ya taso, sai ya ce daga Allah. Da gaskiyarsa, amma akwai hannun mutane a tsakani. Kogin Kano da Kogin Challawa ne suka haɗu suka zama Kogin Haɗeja, kuma dukansu an tare su: dam ɗin Tiga tun 1974, na Challawa a 1992. Tun daga nan ba damina kaɗai ke yanke yawan ruwan da zai iso mana ba. Akwai masu buɗe ƙofar dam da rufewa, ga birnin Kano yana sha, ga manoman rani na Kadawa da Kura. Mu ma mu ɗiba, ragowar ta ratsa fadamun Haɗeja da Nguru, ta gamu da Kogin Jama'are wajen Gashuwa, ta zama Komadugu Yobe, ta bi iyakarmu da Nijar ta ɓangaren Diffa, sannan ta zuba a Tafkin Chadi.

Ka ga ke nan muna ƙasa da wasu, muna sama da wasu. Abin da nake so yaro ya gane ke nan tun ƙashinsa bai yi ƙwari ba. Duk ƙorafin da muke yi da mutanen Kano, mutumin Gaidam yana da irinsa a kanmu.

Kuma yaran nan ba baƙin matsalar ba ne. Sun san ciyawar kachalla, wadda ta samu wurin zama tun da ruwa ya daina ƙafewa da rani, ta toshe hanyoyin ruwa, ta zama maɓoyar tsuntsayen jan-baki masu cinye shinkafa da gero. Sun ga ambaliyar 2022. Suna jin rigimar mai lambun da ya shinge mashaya da makiyayin da ya iso da shanu cikin ƙishi, da wanda ya fasa bakin kogi ya karkato ruwa gonarsa ya bar maƙwabci da busasshiyar ƙasa. Abin da ba su sani ba shi ne duk wannan zare ɗaya ne. A 2006 jihohi shida, Filato, Bauchi, Kano, Jigawa, Yobe da Borno, sun kafa asusu don kula da wannan ruwa tare. Madalla. Sai dai takardar da manya suka sa wa hannu ba ta hana mutum fasa bakin kogi da daddare.

Ba sabon darasi nake nema ba, jakar yaro ta riga ta yi nauyi. A buga taswirar kogin da Hausa, da sunayen garuruwan da ya bi, a manna a kowane aji. A bar malami ya kai ɗalibai bakin ruwa sau ɗaya da rani, sau ɗaya bayan damina, su kafa sanda su auna bambancin. Lissafi ke nan ya shigo. A gayyato sarkin ruwa ko tsohon masunci ya faɗa musu irin kifayen da ake kamawa da, da waɗanda suka yi wuya yanzu. A nan ne kuma za a yi musu bayanin tsargiya, domin da yawansu suna ɗaukar fitsarin jini alamar girma.

In hukumarku za ta tuntuɓi takwarorinta na Kano da Yobe, ina so a gwada haɗa makarantu uku, ɗaya a Bunkure, ɗaya a Guri, ɗaya a Gashuwa, ɗalibansu su riƙa rubuta wa juna wasiƙa duk zango kan yadda ruwa yake a wajensu. Kuɗinsa bai wuce na takarda da biro ba, kuma ana iya farawa a zango mai zuwa.

Huta lafiya.

Wani malamin firamare, Haɗeja.