Ummi, kar Turanci ya rufe miki baki

Assalamu alaikum Ummi,

Ya sanyin Leeds, ya karatu? Mamanki ta ce min kin kira kina kuka, wai 'yan ajinku sun yi dariya da kika ce wa malama "I'm coming" kina fita, shi ne tun ranar kika daina magana a aji. Wallahi abin ya dame ni, don ba mu tura ki can ki zauna shiru ba.

Abin da ya faru shi ne, mu nan in mutum ya ce ina zuwa kowa ya san fita zai yi ya dawo, su kuma can in sun ji haka jira suke ki ƙaraso. Ki ce "I'll be right back" shikenan. Haka "sorry", mu sannu muke nufi in wani ya yi tuntuɓe, Bature kuma sai ya ce ai ba laifinki ba ne don ya ɗauka haƙuri kike ba shi. Ki kula da "pants" ma, a Amurka wando ne amma a Ingila ɗan kamfai ne, wando "trousers" suke cewa, kar ki je shago ki sha kunya.

Masu yi miki dariyar nan da yawansu ba su san yarensu cike yake da aro ba. A 1066 William na Normandi ya ci Ingila da yaƙi, sarauta ta koma hannun masu Faransanci, talakawa suna ta Turancinsu, shi ya sa har yau saniya tana kiwo "cow" ce amma in naman ya hau tebur ya zama "beef", tunkiya "sheep" namanta "mutton", talaka ya yi kiwo da sunansa mai sarauta ya ci da nasa. Larabci kuwa ba a magana. "Sugar" sukkar ne, inda mu ma muka samo sukari, "cotton" ƙuɗun ne, "coffee" gahawa ce da ta biyo ta Turkiyya, "magazine" daga makhazin wato rumbunan ajiya. Ke da kike karatun kwamfuta, "algorithm" ɗin da kuke ta faɗa kullum sunan Al-Khawarizmi ne, malamin lissafi na Bagadaza a ƙarni na 9, kuma daga al-jabr na sunan littafinsa aka samu "algebra".

Ma'ana ma ba ta zama wuri ɗaya. "Nice" da suke cewa komai yanzu, a da wawa take nufi, asalinta Latin ne, ma'anarta wanda bai san komai ba. "Goodbye" kuma addu'a ce aka gutsure, "God be with ye", Allah ya kasance tare da kai. Mu ma mun ba su namu, a 2020 ƙamus ɗin Oxford ya shigar da "Kannywood" da "okada" har da "next tomorrow" da muke nufin jibi.

Abin da nake so ki yi, ki samu ɗan littafi ki riƙa yawo da shi, in kin ji kalma ki rubuta ta da jimlar da ta zo ciki da wa ya faɗa wa wa, don abin da 'yan aji ke faɗa wa juna a kantin ba shi za ki rubuta wa malama a imel ba. Da dare ki duba ƙamus har wurin asalin kalmar, ta fi zama a kai. In ba ki gane ba ki tambaya a take, ko sun yi dariya ki maimaita tambayar.

Ranar Litinin ki ɗaga hannu a aji, zan kira in ji yadda aka yi. Ki nemi Hajiya ma, tana ta cigiyarki. Allah ya yi miki albarka.

Babanki