Wasan da ya fi ƙarfin shiri

Assalamu alaikum, aminina.

Ina fata kana lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Wasiƙarka ta iso, na kuma ga tambayar da ka saƙala a ƙarshenta: me ya haɗa lissafin dabarun wasa, wato nazarin yadda masu gasa ke zaɓen dabara, da kimiyyar kwantam, wato kimiyyar ƙananan ƙwayoyin halitta irin su ƙwayar haske, har na maƙale musu haka? To, sai ka yi haƙuri da doguwar amsa.

Tun asali ma hannu ɗaya ne ya taɓa su biyun. John von Neumann ya tabbatar da ƙa'idarsa ta wasan mutum biyu a 1928, a 1932 ya ɗora kimiyyar kwantam a kan tubalin lissafi, sannan a 1944 shi da Oskar Morgenstern suka fitar da littafin da ya kafa fannin dabarun wasa. Amma abin da ya kama ni wani ɗan wasa ne da za ka iya zana shi a takarda ɗaya.

An raba mutum biyu, kowa da ɗakinsa, ba magana, ba waya. Alƙalin wasa zai miƙa wa kowannensu lamba, 0 ko 1, bisa ƙuri'a, kowa kuma ya mayar da 0 ko 1. In dukansu sun karɓi 1, sai amsarsu ta bambanta kafin su ci. A sauran hali ukun, sai ta zo ɗaya. An yarje musu su ƙulla duk dabarar da suke so kafin a raba su.

Na zauna da biro na jera hali huɗun. Duk ta inda na ɓullo, da zarar ukun farko sun daidaita, na huɗun ya karye, domin ukun nan su ne ke tilasta amsoshin su zama ɗaya a daidai inda ake son su bambanta. Iyakar abin da shiri zai ba su shi ne ci 75 cikin 100, kuma ko su duka su riƙa cewa 0 kullum sun samu hakan.

Yanzu ka ba kowannensu ƙwayar haske ɗaya daga tagwaye da aka sarƙe tun a wajen haihuwarsu, wato an samar da su tare ta yadda sakamakon awon ɗaya ke da alaƙa da na ɗayar ko da sun yi nisa da juna. Kowa ya juya na'urar awonsa gwargwadon lambar da aka ba shi, ya faɗi abin da ta nuna. Wanda ke ɗaki shi kaɗai ba ya ganin komai sai 0 da 1 suna faɗowa ba tsari, kuma ba saƙon da ya ƙetare bango. Amma in aka haɗa amsoshin, cin ya haura zuwa kusan 85 cikin 100. Wallahi na daɗe ina kallon lambar nan. John Bell ne ya buɗe ƙofar wannan binciken a 1964, John Clauser da abokansa uku suka tsara ta yadda za a gwada a 1969, Alain Aspect ya gwada a Faransa a 1982, a 2015 kuma aka sake gwadawa a Delft ta ƙasar Holan tsakanin wurare biyu masu nisan kilomita 1.3. Kyautar Nobel ta kimiyyar fiziks ta 2022 a kan irin waɗannan gwaje-gwajen aka bayar. Ita ma kwantam ɗin tana da iyaka: Boris Tsirelson ya nuna a 1980 cewa ba za ta wuce wannan 85 ɗin ba.

Za ka ji ana yayata aikin masana uku, Eisert da Wilkens da Lewenstein, na 1999, wai kwantam ta warware matsalar fursunoni biyu da ke tunanin cin amanar juna, wani sanannen wasa inda son kai ke sa kowa ya tona ɗan'uwansa alhali da sun rufa wa juna asiri sun fi samun sauƙi. Ni wannan bai gamsar da ni ba. Sun taƙaita dabarun da aka yarda a yi amfani da su, kuma da wasu suka sake wa 'yan wasan mara, maganin ya watse. Wasan ɗakuna biyun kuwa ba a taɓa ƙa'idarsa ba ko kaɗan, abin hannun 'yan wasan kawai aka sauya.

Don Allah ka ɗauki takarda ka nemi dabarar da za ta wuce uku cikin huɗu kafin ka ba ni amsa, ina son in ji a ina ka tsaya. Ka gaida mutanen gida.

Naka har kullum,
amininka.