Godiya ga masu shagon kayan likita na wajen Kasuwar Dole

Assalamu alaikum jama'ar Damagaram. Ina so in yi godiya a bainar jama'a ga Alhaji mai shagon kayan likita da ke wajen Kasuwar Dole da yaran shagonsa, saboda abin da suka yi wa wani yarona ɗan kokowa. Ni ke kula da matasan unguwarmu masu kokowa da masu balo, kuma duk mai wannan harka ya san ciwon matsematsi, wanda ke kama naman cikin cinya can sama inda ya haɗu da ƙashin mara. Yaro ya buɗe ƙafa zai tare kaye, ko ya miƙa ƙafa zai tare balo, sai ka ga ya dafe wurin. Kuma don wuri ne na kunya yara ba sa faɗa, sai su yi ta shafa man zafi suna ɗingishi.

Da wannan ciwo ya kama yaron nawa, na je sayen wandon nan mai matse cinya da kuɗina a hannu, amma Alhaji ya ce ba zai sayar ba sai ya ga yaron. Da na kawo shi ya tambaye shi ko akwai kumburi, ko wani abu na tasowa a mara idan ya yi tari, ya ce mini Malam, gwaiwa ma nan take farawa, kuma wando ba ya maganinta, ku fara zuwa lopital a duba. Wallahi ɗan kasuwa ne fa, ciniki ya zo har ƙofa ya tura mu gaba. Muka je, likita ya ce ba gwaiwa ba ce, nama ne ya ja, ya haɗa mu da kine, wato ma'aikacin asibiti mai gyaran jiki ta hanyar tausa da motsa jiki.

Da muka dawo sai yaron shagon ya ɗauko tef ya auna ƙugu ya auna kaurin cinya, ba wai a kalle ka a ce wannan zai yi maka ba kamar wajen ƴan gwanjo. Wandon yana da roba mai ƙarfi da ta gitta ta gaba daga ƙugu zuwa ɗaya cinyar, ita ke riƙe ƙafa kada ta buɗe fiye da kima. Suka nuna mana ɗamarar ƙugu ma, wadda ake ɗaurawa ƙasa a kan ƙashi ba a kan ciki ba, amma suka ce tasa matsalar ba ta buƙatar ta, kada mu ɓata kuɗi. Sun ja kunnensa sosai, in ƙafa ta fara sagewa to ya matse da yawa a cire, kada ya kwana da shi, kuma da zafin nan namu a wanke shi bayan kowane wasa ya bushe sarai don gudun ƙuraje.

Alhaji ya maimaita masa cewa wando taimako ne kawai, aikin yana wajen kine, matse balo tsakanin gwiwoyi da sauran motsa jikin da aka ba shi. Yanzu ya koma fili a hankali, wandon na ƙarƙashin walki, burinsa ya shiga filin Langa-Langa, babban filin kokowa na Damagaram.

Alhaji, Allah ya saka da alheri, ya ƙara buɗi. A gaishe mini da yaron nan mai tef.