A gyara yadda ake adana tsokar gwajin sankarar mama

Ranka ya daɗe Edita,

Rahoton da jaridarku ta buga kan sababbin magungunan sankara ya yi ma'ana, amma ya bar wani abu da ya fi shafar mu a Kano.

Maganin trastuzumab, wanda aka fara amfani da shi a Amurka a 1998, ba ya aiki sai ga sankarar mama da ƙwayoyinta ke cike da furotin HER2, mai ingiza su su yi ta rarrabuwa. Kusan kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na masu cutar ke da irin wannan. Haka maganin tamoxifen, sai ga sankarar da sinadarin jikin mace, estrojin, ke ciyarwa. Gwajin tsokar da aka yanko ne kaɗai ke bambancewa.

To, a nan gizo ke saƙa. Ƙa'ida ita ce a saka tsokar cikin ruwan fomalin, wato sinadarin hana ruɓewa, mai ƙarfin kashi 10, kafin awa ɗaya da yanko ta, ruwan ya ninka ta sau goma, ta zauna awa 6 zuwa 72. In ƙullutun babba ne, a tsattsaga shi domin ruwan ya ratsa ciki. Amma sau da yawa ana miƙa wa ɗan'uwan maras lafiya ita a kwalbar ruwan gishiri don ya kai ɗakin gwaji, ta yi kwanaki cikin zafin nan namu. Furotin ya lalace, gwaji ya ce babu, baiwar Allah ta rasa maganin da ya dace da ita.

Ina kira ga Ma'aikatar Lafiya ta Jiha ta wajabta ajiye fomalin ingantacce a kowane ɗakin tiyata, a rubuta lokacin yanka a jikin kwalba, asibiti kuma ya kai samfurin ɗakin gwaji da kansa.

Naku,
Mai karatu daga Tarauni, Kano