Godiya ga ofishin hayar motocin da ya fitar da ni kunyar baƙina a Sallar nan

Assalamu alaikum.

Zuwa ga Alhaji mai ofishin hayar motoci da ke nan wajen shataletalen Wunti, da yaran ofis gaba ɗaya, musamman ma Baba direba. Alhaji an yi Sallah lafiya, Allah Ya maimaita mana. Na zo ofis ranar Talata don in yi godiya baki da baki sai aka ce min ka tafi Azare gaisuwar rasuwa, Allah Ya jiƙan musulmi, shi ne na ce to bari kawai in rubuta a fili kowa ya gani, don wallahi abin da kuka yi min ya fi ƙarfin a ce na gode a waya a kashe.

Abokaina ne guda biyu tun na makaranta, ɗaya Bakano ɗaya Bazazzagi, shekara da shekaru ina gayyatarsu su zo su yi Sallah a Bauchi ba su samu dama ba sai bana, kuma da iyalansu suka zo. Idan aka haɗa da ni da maiɗakina da yaranmu mu goma sha uku ne cif. Duk shirina a kan Sharon ɗin yayana na ɗora shi, sai ga shi ranar jajibiri ta ƙi tashi, bakanike ya duba ya ce giya ce kuma masu sayar da kayan gyara duk sun fara rufe shago sai bayan Sallah. Ga azumi a baki, ga rana, ga baƙi har sun kira sun ce sun taso. Na je wurare biyu neman haya, kowanne ya ninka min kuɗi ya ce ai farashin Sallah ne, ɗaya ma ya ce mai da abincin direba duk a kaina kuma magariba na yi mota za ta dawo gida. Telan unguwarmu ne ya ga yanayina da na je karɓar ɗinkin yara ya ce je ka wajen Alhaji na Wunti.

Alhaji ban manta maganar da ka yi ba, ka ce baƙona baƙonku ne tunda sunan Bauchi za su koma da shi gida. Ka ba ni bas mai cin mutum 14 na kwana huɗu a kan kuɗin da ake bayarwa ranar da ba Sallah ba, ko sisi ba a ƙara ba, yaron ofis ya rubuta min rasit na yi turansfa a nan take. Sannan ka ce ba yaro za ka haɗa ni da shi ba, dattijo za ka ba ni wanda ya san gari. A lokacin ban gane girman wannan maganar ba sai da gari ya waye.

Ranar Sallah ana idar da asuba Baba yana ƙofar gida, mota a wanke tas, esi na aiki, ga kula a bayan kujera cike da ƙanƙara da fiyawata wadda ba mu sa shi ba kuma ba ta cikin ciniki. Da muka sauko daga Idi ni niyyata mu miƙe ƙofar fada kai tsaye, Baba ya ce a'a ɗana, in muka shiga nan da mota ba mu ba fita sai la'asar. Ya bi da mu ta wasu lunguna na cikin gari ya je ya yi fakin a gefen wani gida da ya san masu shi, ya juya kan motar ya kalli hanyar fita tukuna, sannan ya ce mu taka da ƙafa ba nisa. Inda ya tsayar da mu akwai inuwar darbejiya kuma dawakai ta gabanmu suke wucewa, har ƙurar kofatonsu a kan takalmanmu.

Kai jama'a, hawan Bauchi abin kallo ne. Hakimai kowa da tawagarsa da kalar kayansa, dawakai sun sha ado har ba ka ganin jikinsu sai ido, 'yan lifida da 'yan sulke, masu algaita kumatu a kumbure, 'yan bindiga na ɗirka harbi hayaƙi na tashi yara na toshe kunne suna kuma leƙe. Ƙaramar 'yar abokina Bakano, 'yar shekara biyar, ta fara kuka don ba ta ganin komai sai bayan mutane, Baba ya sunkuya ya ɗora ta a wuya duk da sabuwar shaddar da ke jikinsa, haka ya riƙe ta har aka busa kakaki laima ta ɓullo, dogarai da jajayen kaya a kewaye, Mai Martaba Sarkin Bauchi Alhaji Rilwanu Suleiman Adamu ya wuce, wuri ya ɗauki kabbara da jinjina. Yarinyar nan ta dunƙule hannu ita ma ta ɗaga tana ta ihu a kan wuyan Baba. Hoton yana wayar babanta.

Kuma ba tsayawa kawai ya yi ba, bayani yake yi. Wannan tawagar Madaki ce, waccan ta Galadima, ga ta Sarkin Yaƙi. Ya ba yara labarin Malam Yakubu, ɗalibin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da ya karɓo tuta, yadda ya taso daga Inkil ya kafa garin nan a 1809, da maharbin nan Baushe da ya tarar a wurin wanda ake cewa daga sunansa aka samo Bauchi. Ya lissafa musu ƙofofin ganuwa, Ƙofar Ran, Ƙofar Wunti, Ƙofar Nasarawa, Ƙofar Wambai, har suka mai da abin gasa a mota kowa na son ya riga faɗa. Abokina Bazazzagi malamin makaranta ne, ya ce min wannan dattijon da a aji yake da ba yaron da zai faɗi tarihi.

Washegari kafin Hawan Daushe, wato ranar da Sarki ke zuwa gidan gwamnati, Baba ya ce ba za mu karya a gida ba sai baƙi sun ci masar Bauchi a bakin tanda. Ya kai mu wajen wata Hajiya da layi har waje, masa ce manya-manya masu taushi, gefenta ya soyu ya yi ja, ga miya ga ƙuli ga man shanu. Nan fa musu ya kaure, Bakano ya ce sunanta waina, Bazazzagi ya ce ai Kanawa komai sai sun canza masa suna don su sayar da tsada, Baba dai na gefe yana murmushi ya ce a ci tukuna a ga ko waina ce. Sau uku aka ƙaro. Matan kuwa sai da suka tsare Hajiya da tambayar yadda take jiƙa shinkafa da yadda ƙullun ke kwana.

Bayan hawa muka wuce kabarin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa. Nan ne wurin da ya fi taɓa zuciyar manyan cikinmu. Ana shiga ta wani dogon lungu mai duhu, haske na ɗan ratsowa kaɗan-kaɗan, kana tafe har ka fito fili inda kabarin yake, ba rufi a samansa sai sararin Allah, kuma kabari ne kamar na kowa. Firaministan Najeriya na farko, wanda aka kashe a juyin mulkin Janairun 1966, ga shi nan kwance ba wani ƙawa. Muka yi masa addu'a. Da muka fito Baba ya buɗe aljihun gaban mota ya zaro tsohuwar takardar naira 5 ya nuna wa yara hoton, ya ce wannan shi ne mai kabarin, malamin makaranta ne a garin nan kafin ya zama shugaba. Ashe ajiye ta yake musamman saboda baƙi masu yara. Wannan ɗan ƙaramin abin ni ya fi burge ni a kan komai, don ya nuna mutum ne da ya ɗauki aikinsa da daraja.

Rana ta uku ta mata ce. Kasuwar Wunti aka fara, atamfa da leshi da mayafai da turaren wuta, daga nan kasuwar Muda Lawal aka lodo kayan miya da mangwaro, aka biya wajen masu kilishi aka yi tsaraba. Awa kusan biyar, a shiga nan a fito a koma an manta abu, ko sau ɗaya ban ga Baba ya ɓata rai ko ya danna ham ba. Shi ne ma yake karɓar kaya yana jerawa a but yana raba na Kano daban na Zariya daban don kar su cakuɗe.

Da daddare muka bar yara wajen kakarsu muka tafi wasan Sallah a wani ɗakin taro. An rubuta ƙarfe takwas a fosta amma ba a fara ba sai bayan goma, mawaƙan zamani suka yi ta yi da fiyano matasa na ta liƙi, ana tsakiyar abu janareta ya mutu ɗif, lasifika ta yi shiru. Kafin a gyara sai wasu masu kalangu da aka ajiye a gefe suka shigo fili da kansu, ba makirfo ba komai, fitilun waya kawai aka kunna musu, suka dinga kiɗa maroƙinsu na wasa mutane ɗaya bayan ɗaya, har ya gano akwai baƙi daga Kano da Zazzau ya juyo kanmu. Gaskiya wannan rabin awar ta fi min duk sauran daren daɗi. Mun yi wa Baba tayin tikiti ya ce shi ya wuce nan, zai jira a waje. Sai wajen ɗayan dare muka fito, ina ta jin nauyi, muka same shi zaune a mota da carbi da 'yar rediyonsa, ya ce sannunku da fitowa an sha kallo? Shi ke nan. Washegari na kira ofis in ji nawa zan ƙara na daren, yaron ya ce Alhaji ya ce babu.

Duk da wannan daren, ƙarfe shida na safe Baba ya iso don tafiya Yankari. Muka ɗauki hanyar Gombe muka karya kwana a Dindima har ƙofar Mainamaji, daga nan kuma tafiya ce mai ɗan nisa cikin daji kafin sansanin Wikki. Tun a hanya ya gargaɗe mu a ɗage gilashi kuma kar wanda ya riƙe leda a hannu saboda birai, kuma a gabanmu wani ƙaton biri ya fizge ledar cincin daga motar wasu ya haye bishiya. Sallar ta faɗo cikin bazara, lokacin da namun daji ke taruwa wajen kogin Gaji neman ruwa, don haka mun ga ɓauna da gwanki da mugun dawa, giwa dai sawunta kawai muka gani. Jami'in da ya zaga da mu ya ce tun 1956 aka keɓe dajin, aka buɗe wa masu ziyara a 1962. Ruwan Wikki kuwa sai wanda ya gani, garai-garai kana hango yashin ƙasa, yana fitowa daga ƙarƙashin dutse da ɗuminsa wajen digiri 31 rani da damina. Da ƙyar muka ciro yara. Baba ne ya matsa mu kama hanya da wuri don kar dare ya yi mana a daji, muka yi magariba a cikin gari.

To Alhaji ga babban dalilin wannan takarda. Baƙi sun tafi ranar Asabar da safe, wajen ƙarfe sha ɗaya sai ga kiranka, ka ce in zo ofis yanzu. Yaron da ke wanke motoci ne ya tsinci wata 'yar ƙaramar jaka ta maƙale a ƙarƙashin kujerar baya. Ka ce ba wanda ya buɗe, sai a gabana. Muka buɗe, sarƙar gwal ce da 'yan kunne na matar abokina Bakano, gadon mahaifiyarta, da katin banki da kuɗi. Na kira su sun wuce Ningi, ita ba ta ma san ta yar ba, ina faɗa mata sai na ji salati sai kuka. Ka sa aka rubuta abin da ke ciki muka sa hannu ni da kai, ka haɗa ni da wani direban Kano da ka yarda da shi a tasha, kafin isha'i jaka na hannunta ba abin da ya yi ciwon kai. Yaron nan na miƙa masa tukuici ya noƙe hannu a baya ya ƙi karɓa sai da ka ce masa karɓi. Yaro ne da bai fi shekara ashirin ba, da silifas ɗinsa duk sun cinye, kuma shi kaɗai ne a cikin motar lokacin da ya gani. Allah Ya yi masa albarka, Ya jiƙan iyayen da suka yi masa tarbiyya in sun rasu, in suna raye Ya ƙara musu lafiya.

Allah Ya ƙara buɗi Alhaji, Ya tsare motocinku da direbobinku a kan hanya, Ya ba Baba lafiya da nisan kwana. Mijin mai sarƙa ya ce in gaishe ka da kyau, akwai saƙon turare da hula da ya aiko maka da Baba, suna wajena zan kawo in ka dawo daga Azare.

Sannan ina roƙon alfarma tun yanzu, sun ce Babbar Sallah ma nan za su yi in Allah Ya kai mu, wannan karon har da wani abokinmu na Katsina. Yara na son ganin raƙumin dawa da jakin dawa a dajin Sumu, malaminmu na Zazzau kuma ya matsa sai ya ga ginin Babban Gwani, shahararren maginin nan na da, a Kafin Madaki tunda hanya ɗaya ce. A rubuta min bas ɗin nan dai, kwana huɗu, kuma don Allah Baba za a ba mu.

Ɗanku,
daga unguwar Jahun, Bauchi.