Amsa ga ɗalibin da ya tambaye ni amfanin tonon tsofaffin takardu

Assalamu alaikum, ɗana.

Ranar da aka yi laccar jama'a a jami'armu ka miƙe daga can baya, ka ce kai mutumin Jibiya ne, sannan ka yi mini tambaya a gaban kowa: "Malam, shekara talatin kana bincike kana koyar da tarihin huldar jakadanci da tsaro. Mu a garinmu 'yan bindiga sun hana mu noma. Me tsofaffin takardun Turawa suka tsinana mana?" Wasu suka yi maka ca, wai rashin ladabi ne. Ni ban ɗauke shi haka ba, don wanda aka hana shi gonarsa yana da ikon ya tambayi kowa. Lokaci ya ƙure a ranar, na ce zan amsa a rubuce, ga shi na cika.

Zan fara da abin da ya fi nauyi a raina. Babu takardar da na taɓa rubutawa da ta dawo da wanda aka sace, ko ta buɗe wa manomi hanyar gona. Wannan aikin gwamnati ne da jami'an tsaro. Abin da nake iyawa shi ne in nuna musu, in nuna muku, inda matsala ta samo asali da hanyoyin da aka riga aka gwada, don kada a sake taka inda aka taɓa faɗuwa.

Ka ɗauki iyakar da ke bakin garinku, tsakanin Magama da Ɗan Isa. A kanta na rubuta kundin digirina na uku, kuma ita ta kai ni gidan adana takardun tarihi na Kaduna, ta kai ni irinsa na Kew a Landan, ta kai ni na Aix-en-Provence a Faransa. A 1890 Ingila da Faransa suka ja layi a kan taswira daga Say a bakin kogin Kwara zuwa Barruwa a tafkin Chadi, alhali masu jan layin ba su taɓa taka ƙasar ba. A 1898 suka gyara, suka zana rabin da'ira mai nisan mil 100 daga birnin Sakkwato. Sai Faransawa suka tarar an bar su da rairayi, babu hanya mai rijiyoyi da ayarinsu zai bi daga bakin kogi zuwa Damagaram. Suka koma teburi a 1904, Ingila ta matso musu da iyakar kudu, su kuma cikin abin da suka sallama har da haƙƙin kamun kifi a gaɓar Newfoundland, can gefen Kanada. Ranar da na fara karanta wannan na daɗe zaune ban iya juya shafi ba. Da kifin wata duniya aka yi cinikin rijiyoyin kakanninmu. An ƙarasa yarjejeniyar a 1906, aka bi daji ana kafa alamomi, kuma haka Maraɗi ta faɗa wancan gefe, garin da har yau sarkinsa ake kiransa Sarkin Katsinan Maraɗi.

Duk wanda ya san wannan ba zai yi mamaki ba in ya ga iyaka mai tsawon kusan kilomita 1,500 ta gagari shinge da bindiga. Dangi ɗaya ne, kasuwa ɗaya ce, burtali ɗaya ne. Ba a iya tsare ta sai da yardar mutanen gefe biyu da gwamnatoci biyu. Kuma ta hanyoyin da fatake ke bi makamai ma suke bi, musamman bayan faɗuwar Gaddafi a 2011, lokacin da rumbunan makaman Libiya suka watse cikin Sahel.

Wani abin da ɗalibaina ke jin sa kamar sabon labari shi ne matsayin Nijar a yaƙin basasarmu. Tanzaniya da Gabon da Kodebuwa da Zambiya sun amince da Biyafara, Faransa ta De Gaulle ma ta karkata can. Amma shugaban Nijar na lokacin, Diori Hamani, duk da irin dogaron da ƙasarsa ke yi da Faransa, ya tsaya tare da gwamnatin Gowon, kuma a Yamai aka yi ɗaya daga cikin zaman neman sulhu a watan Yuli na 1968. Bashi ne a wuyanmu, kuma mutanen Nijar ba su manta ba ko da mu mun manta.

Shi ya sa hankalina ya tashi a 2023. An yi juyin mulki a Yamai ranar 26 ga Yuli, ranar 30 ga wata ECOWAS ta ba da wa'adin kwana bakwai tare da barazanar amfani da ƙarfi, aka rufe iyaka, aka yanke wutar lantarki. Ba na goyon bayan juyin mulki, na karanci ɓarnarsa fiye da yadda zan yaba masa. Amma kai shaida ne a kan wanda ya ji jiki: direbobin da kayansu suka ruɓe a Jibiya da Illela, da marasa lafiya, da masu ƙananan sana'o'i a gefe biyu. A waɗancan makonni tsofaffin ɗalibaina da ke aikin jarida da aikin soja da ma'aikatun gwamnati suka yi ta kirana, kuma abin da suke nema shi ne wannan tarihin da kake tambayar amfaninsa. Majalisar Dattawa ta ƙi yarda da yaƙi, ta ce a bi hanyar sulhu. Ka kuma lura da 'yan Najeriyar da jagoran juyin mulkin, Janar Tchiani, ya fara buɗe wa ƙofa: Muhammadu Sanusi II, sai tawagar malaman addini. Tsohuwar hanya ce ta sarakuna da malamai wadda ta girmi iyakar kanta. An janye takunkumin a Fabrairun 2024, amma ciwon ya riga ya shiga, Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar. Yau haɗin kan da ake buƙata don tsare dajin da ke bayan garinku ya fi da wuya.

Akwai darasi guda da ba na tsallakewa a kowane zango. A 1960 an ƙulla yarjejeniyar tsaro tsakanin Najeriya da Ingila, wadda ta ba sojan Ingila wasu damammaki a ƙasar da ta samu 'yanci jiya-jiya. Ɗaliban jami'ar Ibadan suka karanta abin da ke ciki, suka yi zanga-zanga har majalisa a Legas, kuma a Janairun 1962 aka soke ta. Sa'o'inka ne suka yi wannan, kuma makaminsu shi ne sun san abin da takarda ta ƙunsa.

Sai dai kana da gaskiya a wuri guda, kuma abin yana ci mini tuwo a ƙwarya. Mafi yawan abin da na karanta a rayuwata Turawa ne suka rubuta shi, da idonsu da buƙatunsu. A Ingila doka ta tanadi a buɗe takardun gwamnati bayan shekara 20, mu kuwa na sha zuwa wani ofis neman fayil na shekarun 1970 a ce mini ba a san inda yake ba. Dagatai da fatake da tsofaffin sojojin da suka ga abubuwa da idonsu suna ta rasuwa ba wanda ya ɗauki muryarsu. Yadda aka fara satar shanu a yankinku, da yadda burtali ya toshe, da sulhun da aka sha yi da 'yan bindiga yana rushewa, duk tarihin tsaro ne, kuma ba ya cikin kowane fayil a Landan.

Ni gwiwa ta fara gazawa, ba na iya yawon ƙauyuka kamar da. Kai kuwa ɗan gari ne, dattawa za su faɗa maka abin da ba za su faɗa mini ba. In ka samu sarari ka zo ofishina bayan sallar azahar, in nuna maka kwafin taswirorin nan ka nemo garinku a ciki, mu zauna mu tsara tambayoyin da za ka tafi da su gida in an yi hutu. Ka gaida mini mutanen Jibiya, Allah Ya kawo musu sauƙi.

Wassalam,
Malaminka na sashen tarihi